Yadda ake gyara ƙarfen jan tirela ya zauna a motar da ba tasa ba

Tambaya: Na samu ƙarfen jan tirela da aka ciro daga wata motar ɗaukar kaya. Ya fi shasin a-kori-kurata faɗi da kusan santimita 6, ramukan noti ma ba su hau ba. Mai walda ya ce a yanke shi a tsakiya a rage tsawon, a haɗe, sannan a liƙa shi da walda a jikin shasi. Tirelar da zan ja, ita da kayanta, za ta kai tan 2 da rabi. Hakan zai yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarfen zai gyaru, amma shawarwari biyun da aka ba ka duka ka ajiye su. Kada a yanke shi a tsakiya, kada kuma wutar walda ta taɓa shasi. Abin da ake sauyawa a irin wannan aiki shi ne kunnuwan nan biyu na gefe da ke kama shasi. Su ake cirewa a yi sababbi daidai da motarka, a ɗaure su da bol da noti. Tsakiyar bututun da ke kwance da wuyan da ke riƙe ƙwallon da ake maƙala tirela kuwa, a bar su yadda kamfani ya yi su.

Dalilin yana cikin hanyar da nauyi ke bi. Tirela na ja da turawa a kan ƙwallo, ƙwallo ya miƙa wa wuya, wuya ya miƙa wa tsakiyar bututun kwance, bututun ya raba wa kunnuwa biyu, su kuma su sauke a shasi ta cikin bol. Ka ɗora katako a kan duwatsu biyu ka taka tsakiyarsa, a nan zai fi lanƙwasa, a nan kuma zai karye. Haka bututun yake. Ga lanƙwasa, ga kuma murɗa, domin ƙwallon yana can baya da bututun, duk lokacin da nauyin tirela ya danna shi ƙasa sai ya nemi juya bututun kamar mai murɗa sifana. To wurin da ƙarfin ya fi taruwa, nan ne mai waldar ke son sa mahaɗi.

Kuma abin da ke kashe ƙarfen ja ba nauyin rana ɗaya ba ne. Gajiya ce. Taka birki, tashi, faɗawa rami, kowanne yana lanƙwasa ƙarfen kaɗan ya sake shi, har wata 'yar tsaga mai kaurin gashi ta buɗe a gefen walda ta riƙa tafiya a ɓoye. Shi ya sa a ƙa'idar Turai ta R55 ake ɗora ƙarfen ja a inji a yi ta ja da turawa sau miliyan 2 kafin a amince da shi. A wannan ƙa'ida akwai lissafi mai sauƙi na ƙarfin da ke shiga tsakanin mota da tirela: ka ninka nauyin mota da na tirela a tan, ka raba da jimlarsu, ka ninka da 9.81. Mota mai tan 3 da tirela mai tan 2.5 za su ba ka kilonyuton 13.4, wato kamar nauyin tan 1 da kilo 360 yana fizga gaba da baya. Ƙarfen da ya ɗauki wannan sau ɗaya a gareji bai nuna komai ba tukuna.

Kafin giranda ta taɓa komai, duba abu biyu. Na farko littafin motarka: nawa kamfani ya yarda ta ja, nawa kuma ya yarda ya danna a kan ƙwallo? Ƙarfen da aka ciro daga babbar mota ba ya ƙara wa ƙarama ƙarfin shasi ko na birki. Na biyu, lafiyar ƙarfen kansa. Kankare fenti da tsatsa a duk inda walda take, musamman inda wuya ya haɗu da bututu. Ɗora doguwar ma'auni a kan bututun ka ga ko ya lanƙwashe. Idan ya taɓa shan duka daga baya har ya karkace, ko tsatsa ta ci shi ta ciki har guduma na lotsa shi, ka bar shi, ba a miƙe irin wannan da wuta a mayar da shi aiki. Ƙwallon ma a auna: na milimita 50 idan ya cinye ya koma 49 ya gama aiki.

Sai awo, kuma a nan ne aikin ke yin kyau ko ya lalace. Tsayar da motar a ƙasa mai shimfiɗa, iskar taya daidai. Cire bamba da tayar safaya idan suna tare hanya. Nemo ramukan da kamfani ya riga ya huda a ƙarshen shasi, yawancin a-kori-kura suna da su, wasu ma da noti a liƙe ta ciki, domin nan aka tanada don wannan aiki. Auna faɗin shasi a wuri biyu, wajen ramin gaba da wajen na baya, saboda shasi da yawa ba ya tafiya a miƙe, yana ɗan tsukewa ko buɗewa. Auna kusurwa zuwa kusurwa, daga ramin gaba na hagu zuwa na baya na dama, sannan akasin haka. Idan awon biyu ya bambanta da fiye da milimita 3 zuwa 4, shasin ya taɓa buguwa, sai a yi kowane kunne da awonsa.

Yanzu ka ɗaga ƙarfen da jak zuwa inda zai zauna, ka tsayar da wurin ƙwallo. Tsakiyar ƙwallo ta faɗa daidai tsakiyar mota. Tsayinta daga ƙasa, a ƙa'idar Turai, milimita 350 zuwa 420 ne idan mota na ɗauke da kaya, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne tirelarka ta tsaya a miƙe idan an haɗa ta, kada hancinta ya kalli sama. Sannan ka matso da ƙwallon kusa da mota iyakar yadda zai yiwu, muddin bakin tirela zai hau ya sauka ba tare da ya daki bamba ba, kuma ƙofar baya za ta buɗe. Mutane na raina wannan. Ɗauki mota mai tazarar mita 3 tsakanin tayun gaba da na baya, ƙwallo kuma yana mita 1.2 bayan tayun baya. Kilo 200 a kan ƙwallo zai zama kilo 280 a kan tayun baya, ya kuma ɗage kilo 80 daga tayun gaba, waɗanda su ke riƙe da sitiyari. Kunnuwan ma haka: idan tazarar ƙwallo daga bol na ƙarshe ta tashi daga santimita 25 zuwa 35, ƙarfin da ke murɗa su ya ƙaru da kashi 40 cikin 100, alhali tirelar ba ta ƙara ko kilo ɗaya ba.

Da ƙarfen a kan jak, yanki kwali mai kauri ka yi siffar kunne. Manna shi a jikin shasi, ka shafa yatsa mai baƙin mai a kan ramukan, za su fito a kwalin. Zana inda bututun zai ratsa. Ka tabbata salansa, tayar safaya, ƙarshen sifirin da wayoyin fitila duk sun samu sarari, aƙalla santimita 2 zuwa 3, saboda suna motsi idan mota na tafiya. Kwali ya fi faranti arha, ka ɓata guda biyar har siffar ta zauna.

Tunda naka ya fi shasi faɗi, aikinka shi ne mafi sauƙi. Yanke tsofaffin kunnuwan a goge wurin ya yi sumul ba tare da an ci jikin bututun ba. Yanko sababbi daga faranti mai kaurin milimita 10, ko aƙalla kada ya gaza kaurin na asali, ƙarfe na gini wanda aka san irinsa kamar S275 ko S355. A guji guntun sifirin ko wani ƙarfe mai tauri da aka tsinto, waldarsa tsagewa take yi. A kowane kunne a yanka rami mai kusurwa huɗu daidai girman bututun, a zura kunnen ya shigo santimita 3 daga kowane gefe, bututun ya ratsa ya leƙo ta waje. Amfanin wannan babba ne: kunnen ya rungume bututun ta ko'ina, murɗawar tana sauka a jikin faranti kai tsaye, kuma ana samun walda ta ciki da ta waje. Ya fi a manna faranti a bakin bututu nesa ba kusa ba. Rarar da ta leƙo a rage ta a bar kamar milimita 10 don walda ta samu wurin zama, a toshe bakin da ɗan faranti kada ruwa ya kwanta a ciki. Kusurwoyin kunnen na ciki kuma a yi su da lanƙwasa, kada a bar kusurwa mai kaifi, daga irin nan tsaga ke farawa.

Wanda nasa ya gaza faɗi, idan giɓin bai wuce milimita 10 a kowane gefe ba, faranti guda ɗaya mai ramuka, wanda ya rufe duk fuskar kunnen, zai cike. Tara washa biyar a kan bol don cike giɓi ba gyara ba ne, bol ɗin zai riƙa lanƙwasa har ya karye. Idan giɓin ya fi haka, a sayi sabon bututu mai girma da kauri irin na asali ko fiye, a gina a kansa. Idan kuwa dole sai an ƙara tsawo, mahaɗin ya kasance can kusa da kunne, a zura wani bututu ta ciki wanda ya shige aƙalla santimita 15 kowane ɓangare, a huda ramuka a na waje a cike su da walda su kama na ciki.

Mu zo kan shasi. Shasin motocin zamani ƙarfe ne mai ƙarfi amma siriri, na a-kori-kura sau da yawa milimita 3 zuwa 4 ne kawai. Zafin walda yana sauya halin ƙarfen da ke gefenta, kuma shasi abu ne da aka yi shi ya riƙa murɗawa a hanya. Ka liƙa masa faranti mai kauri da walda, ka yi wuri mai tauri a jikin abu mai motsi, tsagar za ta bi gefen waldar ta sauko. A manyan motoci ma za ka ga an rubuta a jikin shasi cewa kada a yi walda ko huda a leɓensa. Leɓen sama da na ƙasa su ke ɗauke da nauyin lanƙwasa, don haka idan ramukan kamfani ba su isa ba, sabon rami a bangon gefe ake yinsa, nesa da lanƙwasar leɓe da aƙalla milimita 30 zuwa 40, tsakaninsa da wani rami kuma kamar milimita 50. Da diril ake hudawa, milimita 13 don bol M12 (mai kaurin milimita 12), a goge bakin. Ramin da aka ɓula da wutar gas ko da sandar walda bakinsa a ƙone yake, cike da ƙananan tsagu. Jan rami ya yi tsawo don bol ya shiga shi ma a bar shi, kunnen ne ake hudawa ya bi shasi. A jikin kunne, daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti kada ya gaza milimita 25.

Akwai wani abu ƙarami da ke kwance ƙarfen ja da yawa. Idan shasin akwati ne, wato rufaffe ta ko'ina, kuma bol zai ratsa bango biyu, dole a sa gajeren bututu mai kauri a ciki wanda bol zai bi ta cikinsa, tsawonsa daidai faɗin cikin akwatin. In babu shi, kana ɗaure noti bangon na lotsawa, za ka ji kamar ya ɗauru, bayan sati biyu ya saki. Idan kuma shasin buɗaɗɗe ne ta ciki, a sa faranti mai milimita 6 ta baya ya haɗe ramukan, don kada kan noti ya yage siririn bango.

Bol kuwa, duba kansa. Ka nemi mai lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9, wanda ba shi da lamba ba ya shiga wannan aiki. Na ƙarfe mara tsatsa mai lamba A2-70 yana da kyan gani amma ya fi 8.8 saurin miƙewa, shi ma a bar shi. Aƙalla M12 guda uku a kowane gefe, a baza su nesa da juna gwargwadon yadda kunnen ya ba da dama, domin tazarar da ke tsakanin bol na gaba da na baya ita ke yaƙi da murɗawa. Zaɓi tsawon da santsin jikin bol zai kasance a mahaɗar kunne da shasi, zaren ya fara daga baya. M12 mai 8.8 ana ɗaure shi kusan nyuton-mita 80 zuwa 85, mai 10.9 kusan 115 zuwa 120, M16 mai 8.8 irin na ƙwallo mai ramuka biyu kusan 200, duka a bushe ba mai. M12 ɗaya da aka ɗaure daidai yana matse faranti da ƙarfin da ya kusa tan 4, kuma wannan matsewar ce ke riƙe ƙarfen, shi ya sa ake kankare kwalta ko fenti mai kauri da ke jikin shasi a inda kunne zai kwanta. Idan an bar shi, yana murƙushewa a hankali ɗaurin ya tafi. A yi amfani da noti mai kulle kansa da washa mai tauri, a kuma ɗaure da sifana mai awo.

Wajen walda, tsarin shi ne a ɗiga walda kaɗan ta riƙe kunnuwa da bututu a mota, a gama a benci. Ɗaure kunnuwan a shasi, zura bututun, daidaita tsakiya da tsayi, ka duba cewa wuyan bai kalli ƙasa ko sama ba. Cire kan batir, na nagatif tukuna. Maƙala wayar at ta injin walda a jikin ƙarfen jan kansa, dab da inda za a ɗiga, kada wuta ta bi ta wayoyin mota ko ta boris. Rufe tankin mai, bututun mai da na birki da abin da ba ya cin wuta. Ɗigo huɗu masu ƙarfi a kowane kunne sun isa, sai a kwance a sauke.

A benci, kafin a fara, a haɗa bakin kunnuwan biyu da guntun angul a ɗige shi, domin walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa, kunnuwan za su rufe ciki da milimita 3 ko 4 ramuka su ƙi hawa. A goge wurin har ƙarfe ya yi fari, ba fenti, ba mai, ba tsatsa. Idan ƙarfen mai rufin zinki ne a goge rufin sosai a yi aikin a iska, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. A fere bakin ramin kunnen kaɗan don walda ta nutse. Sandar da ta dace ita ce 7018, mai milimita 3.2, wuta tsakanin amfiya 110 zuwa 140, kuma ta kasance a bushe, domin idan ta sha danshi tana cusa wa walda iskar haidurojin, wadda ke tsaga ta bayan ta huce. Sandar 6013 da aka saba yin ƙofa da taga da ita tana ba da walda mai kyan fuska amma ba ta nutsewa sosai a ƙarfe mai kauri. A yi gefe ɗaya a koma kishiyarsa, a yi kunnen hagu a koma na dama, kada a zagaye ɗaya gaba ɗaya a zafi guda. Kada a tsaya ko a fara a kan kusurwar bututu, a zagaye ta a tsaya a tsakiyar fuska. Kaurin waldar ya kai kaurin bangon bututun, kamar milimita 5 zuwa 6. A bar shi ya huce da kansa, ruwa kan walda mai zafi yana sa ta tauri mai karyewa.

Idan za a sa ƙarfen tokara mai kusurwa uku tsakanin kunne da bututu, ya sauka a gefen bututun inda bango ke tsaye. Wanda aka dasa a tsakiyar fuska yana huda bangon ne a hankali. Ƙwallo da wuyan da aka ƙera a dunƙule kuwa ba a yi musu walda, ba a gasa su don a lanƙwasa. Idan tsayi bai yi ba, akwai farantin sauke ƙwallo da wuya masu tsayi daban-daban da aka yi don haka, kowanne da nauyinsa a rubuce.

Bayan an kakkaɓe ɓawon walda, a duba ta da fitila. Ƙananan ramuka kamar na tururuwa, ko kwari a gefen walda inda wuta ta ci ƙarfe, ko walda da ta hau ta zauna kamar tsutsa ba ta narke da gefe ba, duk a goge a sake. Akwai feshin gano tsaga mai gwangwani uku, ja da mai wankewa da fari. In babu, tsohuwar dabara tana aiki: shafa kananzir, bar shi minti 15, goge tas, shafa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai fito ya zana layi a allin. Sai bayan wannan ake fenti, na hana tsatsa tukuna sannan na sama.

Kada a manta wurin maƙala sarƙar tsaro. A yi shi da faranti mai kauri a jikin bututun ko kunnuwa, yadda ko wuya ya cire sarƙar na nan riƙe. Soket ɗin fitilun tirela kuma a ba shi ɗan faranti nasa, kada a huda bututun saboda shi.

Ta fuskar doka, ƙarfen da aka yanka aka sauya ya fita daga amincewar kamfanin da ya yi shi, lambar nauyin da ke jikinsa ta daina aiki. A ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila da Ostareliya akwai ƙa'idoji a kan wannan, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan hatsari ya faru. Idan ana sayar da wanda aka yi wa motarka musamman, shi ya fi. In babu, ka sa injiniya ya duba aikin, ka kuma riƙe nauyin da ya fi ƙanƙanta tsakanin na mota, na ƙwallo da na ƙarfen asali a matsayin iyakarka.

Gwajin farko a yi shi da tirela ba kaya, a fili, a tashi a taka birki sau da yawa. Sannan rabin kaya, sannan cikakke. Nauyin da ke kan ƙwallo a auna shi da sikeli: a Turai ana barinsa wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirela, a Amurka 10 zuwa 15, kuma kada ya wuce abin da littafin mota ya ce. Idan ya yi kaɗan tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a gudu. Tirela mai tan 2 da rabi kuma dole ta kasance da birkinta. Bayan an ɗaure kowane noti, ja layi da fenti daga kansa zuwa faranti, kallo ɗaya zai nuna maka idan ya juya. Sake bin su da sifana mai awo bayan tafiyar farko da kaya, da kuma bayan kilomita 1,000. Duk lokacin da ka leƙa ƙasa, nemi jan gari kamar hoda a gefen washa ko siririn layin tsatsa a gefen walda. Na farko yana nufin faranti na motsi, na biyu tsaga ce ta fara, kuma kowanne ka gani sai a sauke ƙarfen kafin a sake haɗa tirela.